Numfashin Inji: Dalilan Da Ke Sa Tsohuwar Mota Mutuwa A Hanya

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Zariya a watan Maris ko Afrilu, ba zai rasa cin karo da wannan yanayi ba. Tsohuwar J5 ce a gefen titi, ta ɗauko kwandunan tumatir daga kasuwar Kwanar Gafan, an ɗage murfin injinta, direba ya sunkuya yana leƙe, yaron mota kuma ya kafa dutse a bayan taya. Rana tana ƙwallewa, tumatir yana ta tsiyayar da ruwa, kuma kowace sa'a da aka ɓata a wurin asara ce ga mai kaya. Idan aka tambayi direban abin da ya faru, amsarsa ba ta cika wuce kalma ɗaya ba: kafireto.

Wani lokaci gaskiyarsa ce, wani lokaci kuwa an bar jaki ne ana dukan taiki. Mutuwar inji alama ce kawai, kamar yadda zazzaɓi yake alama a jikin ɗan'adam. Zazzaɓi yana iya fitowa daga cizon sauro, yana iya fitowa daga taifot ko daga ƙurjin da ya yi ruwa, shi ya sa likitan kirki ba ya rubuta magani sai ya tambayi lokacin da ciwon ya fara da kuma yadda yake zuwa. Haka ya kamata makanike ya yi. Lokacin da inji ya mutu, da irin mutuwar da ya yi, su ne ke nuna inda cutar take, tun kafin a ɗauki sifana.

Ita dai J5 an fara ƙera ta a 1981, a wata masana'anta da ke Italiya wadda kamfanin Fiat da na Peugeot suka haɗa gwiwa suka kafa, kuma a 1994 wata ƙirar mai suna Boxer ta gaje ta. Ke nan mafi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara 30. Babban injinta na fetur, mai kusan lita 2, ɗan'uwan na Peugeot 504 ne, motar da aka shekara da shekaru ana haɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975. Wannan ne ya sa makanikan Arewa suka san cikinsa kamar yunwar cikinsu. Akwai masu injin dizal, amma waɗannan ba su da kafireto, don haka bayanin bai shafe su ba. Ya shafi tsofaffin Hiace da Urvan da L300 masu fetur, da babura, da janareto, da injin ban-ruwa.

Inji ma yana numfashi

Ɗalibin ilmin halittu ya san cewa jiki yana samun ƙarfi ne ta hanyar haɗa sukari da iskar oksijin a cikin ƙwayoyin halitta, sannan ya fitar da iskar kabon-dayoksaid da ruwa. Abin da inji ke yi ke nan, illa dai fetur ne abincinsa, kuma abin da jiki ke yi a hankali mataki-mataki, shi inji a fashewa ɗaya yake yinsa. Tsarin da Bajamushe Nikolaus Otto ya daidaita a 1876 yana da matakai huɗu: fistin ya sauka ya shaƙo iska da mai, ya hau ya matse su, fulogi ya ƙyasta wuta su ƙone su tunkuɗa fistin ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi zuwa salansa. Injin da ke da fistin huɗu, idan yana jujjuyawa sau 850 a minti, wato mota tana tsaye yana silo, ana samun ƙonewa sau 1,700 a minti, kusan sau 28 a kowace daƙiƙa. Idan 'yan kaɗan daga cikinsu suka kuskure a jere, sai inji ya tsaya.

Domin fetur ya ƙone ƙurmus, kowane giram ɗaya nasa yana bukatar giram 14.7 na iska. Lissafin yana da ban sha'awa. Lita ɗaya ta fetur nauyinta kimanin giram 740 ne, ke nan tana bukatar kusan kilogiram 11 na iska, wato kimanin lita 9,000. Baligin da ke zaune yana hutawa yakan shaƙi kamar lita 6 a minti, wanda ya kama lita 8,640 a yini da kwana. Ashe lita ɗaya ta fetur tana cinye iskar da za ta ishi mutum kwana guda cur.

Bugu da ƙari, tururin fetur ba ya kama wuta sai idan yawansa a cikin iska yana tsakanin kashi 1.4 da kashi 7.6 cikin ɗari. In ya gaza haka ba ya kamawa, in ya zarce ma ba ya kamawa. Saboda haka yunwa tana kashe inji, ƙoshi fiye da kima ma yana kashe shi. Aikin kafireto shi ne tsare wannan ma'auni a kowane hali: da sanyin asuba, da tsakar rana, a tsaye, da kuma a guje.

Yadda kafireto ke aiki

A 1738 masanin lissafi Daniel Bernoulli, mutumin Suwizalan, ya bayyana cewa idan gudun ruwa ko iska ya ƙaru, matsinsa yakan ragu. A 1797 kuma Giovanni Battista Venturi na Italiya ya wallafa gwaje-gwajensa a kan bututun da aka tsuke tsakiyarsa. Maƙogwaron kafireto irin wannan bututu ne. Iskar da fistin ke zuƙowa takan ƙara gudu a wurin tsukewar, matsinta ya faɗi, sai ta tsotso fetur ta wani ɗan bututu da ya ɓullo a daidai wurin, ta watsa shi kamar raɓa. Wanda ya san famfon feshin maganin sauro na da, mai gwangwani a gaba, ya riga ya ga wannan ƙa'ida tana aiki. A cikin aji ma ana iya nuna ta: a tsoma tsinken shan lemo a kofin ruwa, a hura iska da ƙarfi ta wani tsinken a kan bakin na farkon, sai a ga ruwa ya hau yana feshi.

Fetur ɗin yana fitowa ne daga wani ɗan kwano da ke jikin kafireto. A cikinsa akwai fulot, wato wani abu mara nauyi da ke yawo a saman mai. Idan kwanon ya cika, fulot ya taso ya tura wata allura ta toshe hanyar shigowar mai. Idan mai ya ragu, ya sauka allurar ta buɗe. Daidai yake da ƙwallon da ke rufe famfo a tankin ruwa na gida, kuma ya yi kama da yadda jiki ke tsare yawan sukari a cikin jini. Wilhelm Maybach ya fito da kafireto mai irin wannan tsari a Jamus a 1893.

Daga kwanon, mai yana bi ta wasu ƙananan ƙusoshin tagulla masu huda a tsakiya, waɗanda makanikai ke kira jet. Girman hudar shi ke ƙayyade yawan man da zai wuce. A ƙasan maƙogwaro akwai faifan ƙarfe da ke buɗewa idan direba ya taka totur. Idan ya ɗage ƙafa, faifan yakan kusan rufewa, iskar da ke wucewa ta yi kaɗan ƙwarai har ta kasa tsotso mai daga babban jet. Saboda haka aka yi wata 'yar siririyar hanya dabam, mai nata ƙaramin jet, wadda ke ciyar da inji a lokacin silo. Akwai kuma ɗan famfo mai roba da ke tsartar da mai duk lokacin da aka taka totur ba zato, sai kuma cok, wanda ke rage iska domin mai ya yi yawa idan inji yana da sanyi.

Lokacin mutuwa shi ne shaida

Motar da ke gudu lafiya lau a kan hanya, amma da zarar an ɗage ƙafa a shingen bincike ko a mahaɗar titi sai ta mutu, ta riga ta faɗi ciwonta. Babban jet lafiyarsa ƙalau, tun da ta yi gudu. Hanyar silo ce ta sami matsala. A kafireto irin na kamfanin Solex da na Weber, lambar da ke jikin jet tana nuna faɗin hudarsa ne, idan aka raba milimita gida ɗari. Jet mai lamba 50 faɗin hudarsa rabin milimita ne, kamar silin gashi bakwai a jere. Ƙwayar tsatsa ɗaya daga tsohon tanki ta isa ta toshe shi.

A nan ne ake yin ɓarnar da ta fi kowace yawa. Sau da yawa makanike yakan zaro silin waya ya sossoka hudar. Tagulla tana da taushi, waya kuwa takan ƙwaƙule ta. Ɗalibin lissafi ya san cewa filin da'ira yana ƙaruwa ne gwargwadon faɗinta idan an ninka shi da kansa, don haka hudar da ta tashi daga milimita 0.5 zuwa 0.6 ta ƙaru da kashi 44 cikin ɗari. Mota za ta tashi, direba ya biya ya yi godiya, amma daga ranar za ta dinga shan mai fiye da kima, kuma ba wanda zai danganta wannan da silin wayar. Tun da aka janye tallafin mai a Nijeriya a ƙarshen Mayun 2023, wannan kuskure ya ƙara tsada ƙwarai. Hanyar da ta dace ita ce a wanke jet da ruwan wanke kafireto, a hure shi da iskar famfo, sannan a ɗaga shi a haske a duba.

Wasu kafiretocin suna da ɗan maganaɗisun lantarki a jikin hanyar silo, wanda ke rufe ta idan an kashe mota. In wayarsa ta tsinke, hanyar ba za ta buɗe ba ko da jet yana da tsabta. Gane shi ba wuya: a murɗa makulli ba tare da an tayar da inji ba, a cire wayarsa a mayar, in yana da lafiya za a ji ya yi ƙas.

Abu na uku shi ne iskar sata. A ƙarƙashin faifan totur matsin iska ya yi ƙasa sosai a lokacin silo, don haka duk wata kafa da ke wurin, ko gasket da ya ƙone, ko tiyon roba da zafi ya tsattsage, za ta zuƙo iskar da ba ta bi ta ma'auni ba. Mai sai ya yi kaɗan. Alamarta ita ce inji yana rawa a silo, amma ya daidaita idan an ɗan ja cok. Makanike yana iya kara tiyo a kunnensa, kamar abin sauraren ƙirji na likita, ya bi gaɓoɓin yana neman inda ake jin shuuu. Idan kuwa sai an taka birki inji ke mutuwa, to a duba baƙin tulun ƙarfen nan da ke bayan mazubin man birki, da tiyon da ya haɗa shi da inji. Wannan tulu da zuƙar inji yake taimaka wa ƙafar direba. Da zarar inji ya mutu, taimakon ba ya wuce taku biyu ko uku, daga nan birki ya yi tauri kamar dutse. Motar da ta ɗauko lodi, ta kuma mutu a gangare, tana cikin haɗarin da ya fi ɓacin tumatir nesa ba kusa ba.

Wadda ke shaƙewa ko ta mutu a daidai lokacin da aka taka totur, yawanci robar ɗan famfon nan ce ta tsage. Wadda kuma ke warin fetur, tana baƙin hayaƙi, ta ƙi tashi bayan an kashe ta, ambaliya ce: ko fulot ya huje ya nutse, ko allura ta cinye, ko datti ya hana ta rufewa. Irin wannan a kan tayar da ita ne ta hanyar danne totur har ƙasa a riƙe, domin iska ta shiga da yawa, ba ta hanyar tattaka shi ba, wanda ƙarin mai kawai yake zubawa.

Zafi, ƙura da tudu

Motar Kwanar Gafan da aka faro da ita, wadda ta yi tafiya mai nisa da tsakar rana sannan ta fara fizga har ta mutu, wataƙila zafi ne ya kayar da ita. Fetur gauraye ne na sinadarai da yawa, wasu suna tafasa tun daga wajen digiri 35 a ma'aunin santigiret, wasu sai kusan 200. A bazara zafin Sakkwato ko Maiduguri yakan haura digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin murfin inji. Famfon mai na tsofaffin motoci a jikin inji yake, kuma zuƙo mai yake yi daga tanki. Zuƙa kuwa tana rage matsi, raguwar matsi kuma tana sa ruwa ya tafasa da wuri. Sai tururi ya cika bututu, famfon da aka yi domin ruwa ya kasa tura shi. Bayan kamar rabin sa'a, in wuri ya huce, mota ta tashi kamar ba abin da ya faru. Direbobin da ke ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfon mai suna da hujja a kimiyyance, domin ruwan da ke bushewa yana tafiya da zafi, kamar yadda gumi ke sanyaya fata, randa kuma take sanyaya ruwa. Gyara na dindindin shi ne a nisanta bututun mai daga salansa, a kuma tabbatar lagireto da fanka suna aiki.

Toshewar matatar mai tana kawo irin wannan fizga, musamman a hawan tudu. Haka ma toshewar 'yar kafar da ke shigar da iska cikin tanki. Idan aka buɗe murfin tankin aka ji ya zuƙi iska, kuma mota ta tashi nan take, an kama ɓarawon. Shi kansa man abin dubawa ne. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka yakan kwanta a gindin tanki da gindin kwanon kafireto, inda jet ke sha. In aka tsiyayo kaɗan a farar kwalba, za a ga ruwan ya rabu a ƙasa. Kananzir da wasu 'yan bumburutu ke gaurayawa ba ya zama tururi da sauƙi, yana kuma sa inji ƙwanƙwasa. A watan Fabrairun 2022 hukumomin Nijeriya sun tabbatar cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙa'ida, wanda ke cin robobin famfo da na kafireto.

Da hunturu kuma, ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi takan toshe matatar iska, inji ya shaƙe, mai ya rinjayi iska. Wasu sai su cire matatar su yar. Wannan tamkar mutum ne ya rabu da gashin hancinsa da majinar da ke tare ƙura. Inji zai sami sauƙi na ɗan lokaci, amma ƙurar za ta riƙa goge bangon silinda kamar sanfefa.

Tudu ma yana da nasa tasirin. Jos tana bisa kimanin mita 1,200 daga doron teku, inda kaurin iska ya ragu da fiye da kashi 10 cikin ɗari. Kafireton da aka saita a Legas zai ba da mai fiye da bukata da kimanin kashi 6 cikin ɗari a can, a tsaunin Mambila kuwa abin ya fi haka. Jikin mutum yakan saba da tudu cikin 'yan makonni, domin ƙoda tana sakin sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini. Kafireto ba shi da ƙoda, sai an saita shi da hannu.

Idan laifin ba na kafireto ba ne

Kwayil ɗin da ya tsufa shi ma yakan daina aiki in ya yi zafi, ya dawo in ya huce, daidai da tururin mai. Bambancin yana cikin irin mutuwar. Injin da mai ya yanke masa yakan yi tari, ya fizga, ya rage ƙarfi kafin ya tsaya. Wanda wuta ta yanke wa kuwa tsit yake yi, kamar an murɗe makulli. Gwajin minti ɗaya ya isa a raba gardama: a kashe mota, a cire matatar iska, a leƙa maƙogwaron kafireto, a ja sandar totur da hannu. In aka ga mai ya yi tsartuwa, akwai mai a kwano, sai a koma wajen wuta. Kwayil yana ɗaga bolt 12 na batir zuwa fiye da 15,000, kuma a motocin da ke da kwantak, tazarar bakinsa kamar milimita 0.4 ce, in ta tsuke ko bakin ya ƙone, tartsatsi ya yi rauni.

Fulogi shi ne harshen inji, wanda likita ke cewa a fito da shi a gani. In bakinsa ruwan ƙasa ne mai haske, ma'auni daidai yake. In baƙi ne mai busasshen kunkunniya, mai ya yi yawa. In fari ne fat, mai ya yi kaɗan. In kuwa jiƙe yake da baƙin mai, to ciwon ya wuce kafireto, ya shiga cikin inji.

Akwai al'adu uku na gefen titi da suka fi mutuwar motar haɗari. Na farko, zuƙo fetur da baki ta tiyo. Ɗigo kaɗan in ya sarƙe mutum ya shiga huhu, yakan bazu ya lalata siririn ruwan da ke hana ƙananan jakunkunan iska manne wa juna, ya haddasa kumburi mai tsanani. Wanda ya haɗiyi fetur kada a sa shi amai, a garzaya da shi asibiti. Na biyu, tsiyaya mai kai tsaye a maƙogwaron kafireto ana tayar da inji, ko ajiye galan a gaban mota a jona shi da tiyo. In inji ya yi atishawar wuta ta baya, hannu da fuska ne a gaba. Na uku, barin injin da ke shan mai fiye da kima yana aiki a rufaffen wuri. Rashin isasshiyar iska yana haifar da iskar kabon-monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kama sinadarin himogulobin na jini da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. A motocin da injinsu ke ƙarƙashin kujerar direba, salansar da ta huje tana iya turo ta cikin fasinjoji.

Ƙusar saita silo, wadda kowa ke fara kai wa hannu, ita ce ta ƙarshe da ya kamata a taɓa. Sai an tabbatar da wuta, da matatun mai da iska, da rashin iskar sata, inji kuma ya yi ɗumi, sannan a murɗa ta kwata-kwatan zagaye, ana ƙirgawa ana saurare, har a sami inda inji ya fi daidaita. Bakinta tsini ne mai laushi, in aka ɗaure ta da ƙarfi ta lalace.

A Turai, dokokin rage hayaƙi na farkon shekarun 1990 sun kori kafireto daga sababbin motoci, aka maye gurbinsa da injekta, inda kwamfuta ke auna oksijin a cikin hayaƙi tana gyara ma'aunin mai sau da yawa a daƙiƙa. Amma har yanzu yana nan a babura da janareto da injinan lambu, kuma samun wanda ya mutu a gareji ba wuya. Malamin kimiyya yana iya samo guda, ya wanke shi ya bushe sarai, ya kwance shi a gaban aji. Ɗalibai su nemo tsukakken maƙogwaro, su karanta lambar da ke jikin jet su lissafa filin hudarsa, su ɗaga fulot da yatsa suna hura iska ta tsabtataccen tiyo su ji inda allura ke rufewa. In fulot ɗin na tagulla ne, a girgiza shi a kusa da kunne. Wanda ya huje za a ji ruwa yana motsi a cikinsa.